Fostar Darakta Badaruddeen

Jibiya ta haifi manyan mutane. Ta haifi dillalan hatsi masu duban buhu daga nesa su faɗa maka gonar da aka noma shi. Ta haifi direbobin da suka haddace kowane rami tsakanin Magama da Maraɗi. Amma sai a 'yan shekarun nan Allah ya dube mu da idon rahama ya ba mu Badaruddeen Inusa, ɗalibin aji biyu a sashen zanen kwamfuta na wata kwalejin fasaha da ke Katsina, wanda ya zo duniya don ya sanar da mu cewa tun daga kakanninmu babu wanda ya iya kallo.

Sarautarsa shi ya naɗa wa kansa. A bayan kwamfutarsa, a jikin jakarsa, har a butar alwalarsa, ya manna 'yar takarda mai kalma biyu: Daraktan Ƙirƙira. Mutanen gari, da yake iliminsu bai kai su riƙe dogon suna ba, sai suka rage masa nauyi suna kiransa Mai Fenti. Bai taɓa amsawa ba. Yakan ce tsakaninsa da mai fenti akwai tazarar da ke tsakanin matuƙin jirgin sama da mai tura baro.

Yana da tabarau mai baƙin kewaye wanda gilashinsa bai fi na taga magani ba, domin idonsa lafiya lau yake, ko allura ta faɗi a rairayi zai tsince ta. Yana da wani ɗan mayafi da yake naɗawa a wuya a tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangaru ke rigimar inuwa. In yana tafiya yakan tsaya ba zato, ya haɗa yatsu huɗu ya yi 'yar taga, ya rufe ido ɗaya ya leƙa duniya ta ciki. Sau biyu ɗan acaɓa yana kusan kwashe shi a wannan hali. Duka biyun ya yafe, ya ce jahilci ba laifin mai shi ba ne.

Babu allon shago a bakin iyaka da ya tsira daga iliminsa. Ɗantala mai shayi ya fi kowa shan karatu, don a bencinsa Darakta yake karyawa in yana hutu.

"Baba Ɗantala, allon nan naka zalunci ne ga ido," in ji shi wata safiya. "Ja a kan rawaya! Harufan suna kokawa da juna. Wannan shayin ya hau kan burodi, ƙwan kuma ya karkace kamar zai faɗo. Ka san abin da wannan yake yi wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam? Yana korar mai saye tun kafin ya san an kore shi. Shekara nawa kana asarar jama'a ba ka sani ba?"

Ɗantala ya saurara da ladabi. Ya dubi mutum tara da ke tsaye suna jiran wurin zama, ya dubi Darakta da ya cinye rabin benci da jakarsa.

"Da madara ko babu?" ya tambaya.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi masa dariya ba, ita ce Gwaggo Lantana, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun ranar da aka kai uban makwancinsa. Tana da rumfar abinci a Magama, daidai inda manyan motoci ke jerin jiran tsallakawa. Tuwo da miyar kuka da rana, shinkafa da wake da safe. Tana da wata ƙatuwar tukunya da sai mutum biyu ke sauke ta, kuma daga cikin wannan tukunyar kwamfutar Darakta ta fito, da tabarau, da mayafin wuya, da kujerarsa ta makaranta. A kwaleji yakan ce gwaggonsa shugabar kamfanin abinci ce na ƙasa da ƙasa. A yi masa adalci, bai yi ƙarya ba. Rabin masu cin tuwonta 'yan Nijar ne.

To, ana nan sai malaminsu, Malam Abdulfatah, ya ba su aikin ƙarshen zango. Ya rubuta karin magana iri-iri a 'yan takardu, ya zuba a hula, kowa ya zari ɗaya. Mako uku aka ba su, kowa ya mayar da tasa fosta, yadda mai wucewa zai kalla ya gane ba sai an yi masa bayani ba. Wadda ta faɗo wa Badaruddeen ita ce wadda ake lallashin yara da ita, mai yi wa mai haƙuri alkawarin cewa ko dutse sai ya nuna masa a tukunya.

Akwai wata 'yar magana da Darakta ba ya son a tayar. Ya taɓa faɗuwa wannan darasin bara. Shi a faɗarsa, malamin ne bai kai matsayin fahimtar aikinsa ba, sai ya ba shi shekara guda ya ƙara karatu. Amma dokar kwalejin ba ta san wannan fassarar ba. Wanda ya faɗi sau biyu, gida zai koma. Malam Abdulfatah ya kira shi gefe ya faɗa masa haka ɓaro-ɓaro, ya ƙara da cewa, "Badaruddeen, ka yi abu mai sauƙi. Tukunya, dutse, mutum a zaune. Shi ke nan."

Darakta ya yi murmushin tausayi. Ya hau mota ya dawo gida.

Tunaninsa na farko ya ci kwana huɗu. Ranar ta biyar ya fito daga ɗaki da babbar farar takarda, ya kai wa Gwaggo rumfa, ya ware ta a gabanta kamar mai buɗe sabon masallaci. Babu ko ɗigo a jikinta.

"Gwaggo, kalli. Mai kallo zai tsaya yana jiran hoto ya fito. Zai jira, ya jira, ba abin da zai fito. Wannan jiran da yake yi shi ne haƙurin. Ban zana haƙuri ba, na sa shi ya ɗanɗana haƙuri."

Gwaggo ta goge hannu a zani, ta matso, ta duba gaba, ta juya ta duba baya.

"Takardar tana da kyau, Badaru," ta ce. "Allah shi ba da sa'a. Yaushe za ka hwara?"

Tunani na biyu baƙin ɗigo ne a tsakiya, da jan layi a ƙarƙashinsa. Wannan ya nuna wa wani direba mai suna Kalilu, mutumin Maraɗi, wanda motarsa ke cike da aya. Kwana takwas ke nan Kalilu yana zaune a Magama, domin mai kayan ya yi kuskuren lamba a takarda, sai an kawo wata daga can gida. Ba shi da aiki sai cin tuwon Gwaggo da ƙirga motocin da suka wuce shi. Ya karɓi zanen da hannu biyu, ya karkata kai.

"Mushe, wanga na gane shi sarai," in ji shi, da kiran girmamawa irin na Faransancin Nijar. "Taya ce ta yi hwaci bisa kwalta."

A nan ne Darakta ya gane matsalarsa. Ba tunaninsa ne ya gaza ba, jama'a ce ba ta shirya ba. Mutanen da ba su iya karanta ɗigo ba, sai an kawo musu abin a zahiri. Ya yanke shawara zai dafa dutse da kansa, a bainar jama'a, a bakin iyaka, ya ɗauki hoto da kyamarar da ya aro a sashensu.

Sai neman dutse. Kwana uku yana yawo a gefen hanyar Riko da ta Bugaje. Ya ɗaga wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, ya kara kunne ya saurara. Wani manomi da ya gan shi a durƙushe ya tambaye shi ko wani abu ya yar.

"Dutse nake nema mai hali," in ji Darakta. "Wanda ya sha wuya kuma bai yi ƙorafi ba."

Manomin ya ce shi dai duk na gonarsa bai taɓa jin ɗaya ya yi ƙorafi ba, ya ɗauki wanda yake so. Darakta ya ƙi su duka. Wasu sun cika santsi, wasu ba su da zurfin tunani. Ya dawo Magama a gajiye, ya zauna a bayan rumfa, sai idonsa ya faɗa kan wani baƙin dutse mai tabon wuta. Ya haɗa yatsu ya leƙa shi ta taga. Hawaye ya kusa zubo masa. Ɗaya ne daga duwatsu ukun murhun Gwaggo.

Dutsen bai dame ta ba, ta sa bulo a madadinsa. Amma da ya ce babbar tukunya yake so, sai ta ajiye muciya.

"Da mi zan tuƙa ma direbobi tuwo?"

"Gwaggo, ƙaramar tukunya ƙaramin tunani ce. Kwana biyu kawai."

"Ba ni ba ka."

Sai ya rage murya, karo na farko a wannan shekarar, ya faɗa mata gaskiya: in ya faɗi, korarsa za a yi. Gwaggo ta daɗe tana kallonsa. Ta tuna ranar da ta raka shi tasha da sabuwar jaka. Ta kira wani ɗan dako suka kama tukunyar suka kai masa bakin hanya. Daga ranar ta koma tuƙi a ƙananan tukwane biyu, tuwo ya riƙa ƙarewa kafin azahar, direbobin da suka makara suka fara tsallaka titi zuwa rumfar Barira.

Darakta bai lura ba. Yana can ya hura wuta, ya cika tukunya da ruwa, ya saka dutse a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ya miƙa wa Kalilu kyamara, ya nuna masa inda zai danna. Sannan ya hau kan wata tsohuwar taya ya buɗe taro.

"Jama'ar ƙasashe biyu! Shekaru aru-aru kuna faɗar wannan magana da baki. Kakanninku sun faɗa, iyayenku sun faɗa, babu wanda ya yi ƙarfin halin hura wuta. Yau ga wanda ya hura. Abin da kuke gani ba girki ba ne. Tambaya ce nake yi wa tarihi. Ba na neman ku gane. Jikokinku za su gane, su zo su yi muku bayani."

Jama'ar ƙasashe biyu a lokacin mutum shida ne da akuya. Kalilu ya sauke kyamara ya tambaya ko an sa gishiri.

Da rana ma'aikatan bakin iyaka biyu suka zo duba hayaƙin. Ɗaya ya ɗaga murfi, ya ga dutse yana zaune a tafasasshen ruwa, ya mayar da murfin a hankali. Suka saurari bayanin minti goma. Da za su tafi, babban ya biya ta rumfar Gwaggo ya yi ƙasa da murya ya ce Allah ya ba yaron lafiya, akwai wani malami a Bugaje da ke taimaka wa irin wannan.

Kwana biyun suka zama uku. A rana ta uku ne abin ya canza. Kalilu, da zaman banza ya ishe shi, ya ɗebi ruwan tukunyar a kofi, ya hura, ya kurɓa don ya ba 'yan dako dariya. Ya ce ɗanɗanonsa kamar an wanke murhu. Ko awa guda ba a yi ba sai ga ɗan acaɓa daga Maraɗi da takardar da ya yi kwana goma sha biyar yana jira. Kalilu ya dubi takardar, ya dubi kofin, ya dubi dutsen. Ya ajiye kofin ya nufi motarsa. Amma 'yan dakon sun gani, kuma su ba sa iya yin shiru.

Kafin motar aya ta ɓace wa gani, labari ya kai ƙarshen layin motoci: ruwan dutsen Mai Fenti yana buɗe hanya. Washegari da hantsi layin mutane ya fi na motoci tsawo. Direbobi da kofuna. 'Yan dako da gwangwanin madara. Wata mata ta taho daga Ɗan Isa ta Nijar da jarka, ta ce mijinta ya yi shekara uku yana jiran a mayar da shi aiki. Wani tsoho ya zo da buta, ya ce shi ba abin da yake jira, amma ba a san gobe ba.

Darakta ya fito ya ga taro, ya dafe ƙirji. Ashe jama'a ta farka. Ya hau taya.

"Na san za ku zo," in ji shi. "Fasaha ba ta kira da baki, amma zuciya tana ji. Dubi wannan baiwar Allah, ta tsallako ƙasa guda don ta ga aikina. Baba, me ka ji a ranka da ka kalli wannan dutse?"

"A cika mani buta," in ji tsohon.

"Kun ji? Ƙishirwa! Ƙishirwar ma'ana!"

Haka aka yi ta yi. Suna ɗiba, ana ƙara ruwa, yana jawabi, duk wanda ya zo kusa a miƙa masa kyamara ya ɗauki hoto. Gwaggo tana daga rumfa tana kallon mutum ɗari a bakin tukunyarta, babu mai sayen tuwo ko malmala ɗaya a cikinsu, domin an ce maganin ba ya aiki sai da yunwa.

Rana ta biyar Darakta ya sanar cewa zai gabatar da babban jawabi a kan dangantakar zafi da lokaci. Ya hana a ƙara ruwa har sai ya gama, wai ƙarar zubawa tana yanke masa tunani. Ya fara bayan azahar. Ya bi ta tarihin launin toka, ya ratsa ta ƙuruciyarsa, ya tsaya ya yafe wa malamansa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna nuna masa tukunya, yana ɗaga musu hannu yana cewa a adana tambayoyi sai ƙarshe. Ruwa ya ƙone. Ƙauri ya tashi. Ana kiran la'asar aka ji wani ƙara, gindin tukunya ya ɓule, dutse ya faɗa cikin garwashi, ya koma aikin da ya sani.

Taro ya watse da kofuna a bushe. Da tukunyar ta huce, Gwaggo ta zo ta karkata ta, ta leƙa ta ɓulin, ta hango motocin Nijar ta ciki. Shekara goma sha tara tana tuƙi a cikinta. Ta shafa bakinta da tafin hannu.

"Allah shi sa ka ci jarrabawa, Badaru," ta ce. Ta koma rumfa.

Darakta ya ce wannan ma wani ɓangare ne na aikin. Ya kwashi kyamara ya shige ɗaki don ya zaɓi hoton da zai girgiza kwaleji. Hotuna ɗari uku da goma sha biyu ya samu. A na farko yana tsaye a gaban tukunya. A na biyu yana tsugune a gaban tukunya. A na ɗari yana nuna sama, tukunya tana bayansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Dutsen bai fito ko a guda ba. A wasu ana ganin kunnen tukunya yana leƙowa ta gefen ƙugunsa. Shi ne ya riƙa tsara inda mai ɗauka zai tsaya, kuma bai taɓa tunanin akwai abin kallo a wurin da ya wuce shi ba.

Da wani ne, da ya tsorata. Kwana biyu suka rage, babu dutse, babu tukunya. Amma babban mutum ba ya rasa mafita. Ya dubi wani hoto da ya ɗaga kai yana kallon sama, hayaƙi yana tashi a bayansa, sai gaskiya ta bayyana masa.

"Ni ne dutsen," ya faɗa wa bango.

Ya cire wa hoton launi ya bar shi baƙi da fari. Ya kewaye shi da baƙin layi mai kauri. A sama ya rubuta kalma ɗaya da manyan harufa: HAƘURI. A ƙasa ya sa cikakken sunansa, Badaruddeen Inusa Magama. A ƙarƙashin sunan ya rubuta shekaru biyu da 'yar sanda a tsakaninsu, 2001 da 2025, wato shekarar da aka haife shi, da shekarar da aka sake haifarsa a matsayin gwani.

Ranar miƙa aiki, bayan sallar asuba, ya tura fostar zauren 'yan ajinsu na waya, da na matasan Magama, da na direbobin bakin iyaka. Bai rubuta komai a ƙarƙashinta ba, don aiki mai kyau ba ya buƙatar bayani. Sannan ya kashe wayar. Ya taɓa jin cewa manyan masu fasaha sukan ɓuya bayan sun saki aiki, su bar duniya ta yi ta magana. Ya fita ba tare da ya sallami Gwaggo ba, ya hau motar farko zuwa Katsina. A can ya buga fostar a babbar takarda, ya naɗe, ya bar wa masinjan sashen tunda malam bai iso ba. Sauran yinin ya ƙare shi a wani lambu, yana shirya amsoshin da zai ba 'yan jarida.

Duniya kuwa ta yi magana.

Kalilu ne ya fara gani, yana hanyar dawowa da motarsa babu kaya. Ya ga fuskar, ya ga baƙin layi, ya ga shekaru biyu, ya ga an ce a yi haƙuri. Ya taka birki ya sauka gefen titi. Ya ɗauki muryarsa yana kuka yana salati, ya ce yaron kirki ne, shi ya buɗe masa hanya, ya tura wa kowa. Wanda ya karɓa ya tura da ƙarin cewa hayaƙin dutse ne ya kama masa ƙirji. Na gaba ya ce a asibitin birni ya cika. Kafin hantsi an samu wanda ya riƙe masa hannu a lokacin, har ya ji kalmominsa na ƙarshe.

Barira ce ta tsallako titi da waya a hannu. Ta nuna wa Gwaggo hoton. Gwaggo ba ta karatun boko, amma ta ga fuskar Barira. Ta aika aka duba ɗakinsa, ba kowa. Aka kira wayarsa, a kashe. Muciya ta faɗi daga hannunta, ta zauna a ƙasa cikin toka, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Na yi hushi da shi a raina saboda tukunya," take ta faɗa. "Ban hwaɗi ba, amma na yi. Tukunyar banza! Da ya dawo ya ƙone sauran biyun."

Aka rufe rumfa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutum huɗu suka tafi Katsina neman gawa asibiti-asibiti. Liman ya zo, direbobi suka zo, matar jarka ma ta sake tsallakowa. Aka zauna ana neman alherin mamaci a faɗa, kamar yadda aka saba. Shirun ya ɗan yi tsawo. Daga ƙarshe Ɗantala ya yi gyaran murya.

"Bai taɓa zagin mutum ba," in ji shi. "Sai allo."

Aka ce Allahu Akbar, aka shafa.

Bayan la'asar Darakta ya sauka daga mota. Tun daga bakin lungu ya hango takalma jere, da tabarmi, da manyan gari, da motar Kalilu a fake. Ya tsaya. Ya san fostar za ta yi tasiri, amma bai zaci har liman ba. Ya gyara mayafi, ya goge tabarau, ya tako a hankali yana murmushin wanda ya saba da irin wannan tarba.

"Jama'a," ya ce, ya buɗe hannuwa, "ai da ba ku wahalar da kanku ba."

Abin da ya biyo baya har yau ana gardamarsa a Magama. An dai tabbatar cewa mutum uku sun haura katangar da ba ta hauruwa, kuma tsohon nan mai buta ya riga matasa isa titi. Liman bai gudu ba, amma ya karanta abin da ya sawwaƙa da sauri fiye da yadda aka san shi. Kalilu ne ya yi ta maza ya matso ya tsunkule shi a hannu. Darakta ya yi ƙara. Kalilu ya juya ya ce wa jama'a, "Wallahi shi ne, da zahinai."

Gwaggo ta fito ba mayafi. Ta tsaya tana kallonsa. Ta rungume shi tana kuka har rigarsa ta jiƙe. Hannu ɗaya yana riƙe da shi, ɗayan kuma yana dukan bayansa, kuma waɗanda suke kusa sun ce dukan ba na lallashi ba ne.

Sai da aka zaunar da shi aka yi masa bayani sau uku kafin ya gane. Ya sunkuyar da kai. Jama'a suka ɗauka kunya ce ta kama shi. Sai ya ɗago kai, idonsa yana ƙyalli.

"Kun ga abin da nake faɗa? Hoto ɗaya! Hoto ɗaya ya rufe kasuwa, ya tsayar da motoci, ya sa maza kuka a ƙasashe biyu. A ajinmu wa ya taɓa yin haka? Bari ku ji daga bakin malamina."

Ya kunna waya, ya kira Malam Abdulfatah, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ɗaga ta sama.

"Salamu alaikum, Malam. Badaruddeen ne."

Aka ji kamar kujera ta faɗi a ɗaya ɓangaren. Malam ya yi salati, ya tambaye shi sunan mahaifinsa da lambarsa ta makaranta, sannan ya yi hamdala har sau uku.

"Kai, ka tayar mana da hankali! Har addu'a muka yi maka a aji. Ni da na ga sanarwar, nan take na rubuta maka makin wucewa. Na ce ba zan kayar da mamaci ba. Aikin naka ma ban buɗe ba, ga shi nan a naɗe yadda masinja ya kawo. To, tunda kana raye, bari in goge in duba shi da gaske."

Duk wanda ke kan tabarma ya ji ƙarar takarda ana warware ta. Sai shiru. Shirun ya daɗe har Darakta ya duba ko wayar ta yanke.

"Badaruddeen," in ji Malam a hankali. "Wai sanarwar ita ce fostar?"

Darakta ya sauke hannu. Ya juya wa jama'a baya, ya kare baki da tafin hannu, ya manta muryar a buɗe take.

"Malam, yaushe za a kafe sakamako?"

"Ranar Litinin."

"To don Allah, Malam, kada a goge komai. A bar ni a mace zuwa Litinin."